Ranar da Na Rufe wa Mahaifiyar Erdem Gas

Jama'a sannunku da jira. Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta ce ko an ɗaura ne na ɓoye muku. Ba a ɗaura ba. Abin da ya faru daga Alhamis zuwa Asabar ne ya hana ni zama in rubuta.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Dilek, shekarata ashirin da shida, 'yar Sivas ta ƙasar Turkiyya ce ni gaba da baya, sana'ata kuma gyaran kombi. Eh, wannan farin akwatin na bangon kicin da ke cin gas ya ba ku ruwan zafi ya ɗumama muku ɗakuna. Tun ina da shekara sha tara nake bin Babana, Usta Rifat (usta a wajenmu shi ne gwanin sana'a), gida-gida. Shagonmu in kika tsaya a tsakiya kika buɗe hannu biyu, kin taɓa bango da bango. Amma Gwaggo Nuran, ƙanwar Baba da ta riƙe ni bayan rasuwar mahaifiyata, da ta tashi haɗa ni da Erdem sai ta je ta shaida wa mahaifiyarsa wai yayanta kamfani gare shi, ni kuma ina zaune a ofis ina amsa waya.

Sau ɗaya na taɓa ganin matar, Malama Sevim, a falon Gwaggo. Sati guda kafin ranar Gwaggo na jiƙa mini hannu cikin lemon tsami da man zaitun, ta kuma sa mini riga mai hannu har rabin tafi. "Ki riƙe kofin shayin daga ƙasa," in ji ta, "kar ta ga faratan nan naki na maƙera."

Shi Erdem ya sani. Malamin labarin ƙasa ne a sakandare, mai sanyin magana, gilashinsa kullum a karan hanci. Fitarmu ta biyu muna zaune a wani shagon shayi, na ji ƙarfen nan mai ɗumama ɗaki da ke kusa da mu rabinsa sanyi ƙalau, ban san lokacin da na ciro ɗan mabuɗi daga jaka na fitar masa da iska ba. Ya yi ta dariya har da hawaye, ya ce bai taɓa ganin abin da ya burge shi haka ba. Na ce to ka gaya wa Mamanka. Ya ce, "Zan gaya mata, ki bari in samu lokacin da ya dace." Wata uku ke nan lokacin bai dace ba, ga shi ranar Asabar za su zo neman aurena.

To Alhamis da safe muna shago, ƙanƙara ta kwana tana zuba, Gwaggo ta kawo mana miya mai zafi a kula, sai wayar Baba ta yi ƙara. Ya sa ta a fili saboda hannunsa na dama. Tun da santsi ya kayar da shi a watan jiya kafaɗar ba ta koma daidai ba, ko buta ba ya iya ɗagawa.

"Usta Rifat? Sevim ce, mahaifiyar Erdem. Ka gafarce ni, ban so magana ta farko tsakaninmu ta zama ta aiki ba. Kombina ne yake ta mutuwa da kansa kwana huɗu. Mutum biyu sun duba, kowa da abin da ya faɗa. Ko za ka turo mini ɗaya daga cikin ma'aikatanka?"

Ma'aikatanka! Na kalli Baba, Baba ya kalli Gwaggo, Gwaggo ta kalli rufi.

"Kafin azahar muna nan, Malama," in ji Baba.

Yana kashewa Gwaggo ta dafe ƙirji. "Yaya, ka kashe ni! Ka ɗauko hayar wani ya raka ka. Ko kuma ka kai mata sabo fil kyauta, ka ce gaisuwar surukai ce, ta san mu ma ba ƙananan mutane ba ne."

"Da kuɗin wa, Nuran? Da na kamfanin da kika gina mini da bakinki?"

"To ka je kai kaɗai!"

"In kwance murfin da haƙori?"

Ni dai na zaro waya na rubuta wa Erdem: *Mamanka ta kira Baba a kan kombi.* Minti biyu sai ga amsa, da alama daga cikin aji ya rubuto: *Innalillahi. Ban san za ta kira ba.* Sai wani ya biyo: *Don Allah kar ki je da kanki. Saura kwana biyu kawai, Dilek. In an gama komai sai mu gaya mata.*

Ku gaya mini, 'yan'uwa mata, in ke ce yaya za ki ji? Na karanta ya fi sau biyar. Ba zagina ya yi ba, amma sai na ji kamar an ce in shiga bayan ƙofa baƙi su wuce.

Baba bai tambaye ni abin da aka rubuto ba. Ya shanye miyarsa, ya goge gashin bakinsa, ya ce, "'Yata, ba zan ce ki zo ba, ba zan ce ki zauna ba. In kin zauna, zan roƙi Usta Nejat na bayan kasuwa ya raka ni, ba wanda zai ji. Abu ɗaya na sani, a garin nan ban ga hannun da na yarda da shi kamar naki ba."

Baba ke nan. Bai iya doguwar magana ba, amma in ya yi guda ɗaya sai ta tsaya miki a rai. Na miƙe na zura shuɗin kayan aikina mai tabon mai a gwiwa, na ɗaure gashina, na sa takalmin nan mai ƙarfe a baki, na ɗauki akwati. Gwaggo ta biyo mu har bakin mota tana cewa, "Ko ɗan jan baki ki shafa, don girman Allah!"

Hawa na uku gidan yake, ba lif. Ina hawa akwatin na dukan ƙafata. Malama Sevim ta buɗe ƙofa sanye da kwat ɗin fita mai ruwan toka, ta yafa mayafin ulu a kai, safa biyu a ƙafa, amma gashinta a gyare tsaf kamar mai shirin shiga aji. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyar da lissafi, kuma har yau in ta kalle ka sai ka tuna aikin gidan da ba ka yi ba.

Ta gaishe da Baba. Sannan idonta ya sauka a kaina, daga takalmi, zuwa akwati, zuwa fuska.

"Dilek?"

"Ni ce, Malama. Ina kwana."

Sai ta matsa gefe ta ajiye mana silifas biyu.

"Kicin na hannun hagu."

Kicin ɗin tsaf-tsaf, kwalaben kayan lambu da aka jiƙa cikin ruwan tsami jere a kan kanta kowacce da sunanta da shekararta, labule fari mai aikin hannu, ga sanyi kamar cikin firji. Kombin na kusa da ƙofar baranda, farinsa ya koma ruwan madara. Shekararsa goma sha takwas.

"Marigayi mijina ya sa shi," in ji ta. "Na farko da ya duba ya ce sai sabo, lira dubu hamsin da biyu. Na biyu ya ce shirme ne, akwai wata 'yar waya da ke kashe shi, in ba shi dubu biyu ya cire ta, shi ke nan."

Na ga muƙamuƙin Baba ya motsa. Ya ja kujera ya zauna, ya ce mini, "Bismillah, usta."

Na kwance murfin. Tun kafin in kunna na ga baƙin hayaƙi ya yi zane a sama inda bai kamata ba. Na kunna, wutar da ya kamata ta tashi shuɗiya sai ga ta rawaya tana lilo. Na haska tocila ciki, tsatsa ta cinye gefen ɗakin wutar, ga tsaga mai tsawon ɗan yatsana. Na ciro na'urar gwajin iska na kai kusa, ta fara ƙara kamar an taka mata wutsiya. Nan take na kashe, na buɗe ƙofar baranda.

"Malama, kwanan nan kina ciwon kai?"

"Da safe. Na ɗauka hawan jini ne."

"Erdem fa?"

"Shi ma yana cewa aikin makaranta ne ya yi masa yawa."

Na ce, "Wannan 'yar wayar da aka ce za a cire, ita ce ta raya ku. Hayaƙi mai guba yake fitarwa, ba ya wari, ba a ganinsa. Duk sanda ya yi yawa sai ta kashe kombin. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai sabo."

"Nawa?"

Na faɗa mata dalla-dalla, don na lura mace ce mai son lissafi a fili. Mai kyau daidai girman gidanta dubu talatin da shida. Sabon bututun hayaƙi da 'yan kayan haɗi dubu uku. Wanke ƙarafan ɗumi na ɗakuna dubu biyu, in ba haka ba dattin shekara sha takwas zai shiga sabon ya lalata shi. Takardu da zuwan mai duba aiki daga hukumar gas dubu ɗaya da rabi. Kuɗin hannu dubu uku da rabi. Duka dubu arba'in da shida.

Ta haɗa a ka kafin in rufe baki, na gani a leɓenta. Sai ta ce, "To. Ki mayar da murfin ki kunna mini shi. Zan riƙa buɗe taga. Bayan wata biyu in fanshona ya taru sai a canza."

"Ba zan kunna ba, Malama."

"Na'am?"

Na miƙa hannu ƙarƙashin kombin na murɗe makunnin gas ɗin, na ciro jar igiyar roba da muke ɗaurewa da ita na ɗaure.

"Yarinya, gidana ne nan."

"Na sani, Malama."

"Ɗaliban da na koyar sun haifi kamarki. Na ce ki kunna."

"Ki yi haƙuri. Ko za ki kore ni, ko za ki fasa zuwa ranar Asabar, ba zan kunna abin da zai kashe ki ba."

Na faɗa, na kuma ji abin da na faɗa. A raina na ce Dilek, kin gama da kanki, Gwaggo za ta yi sati tana suma.

Ta juya wajen Baba. "Usta Rifat, kai ne babba. Me ka ce?"

Ku sani, Baba mutum ne mai kunyar surukai, irin mutanen da. Tun da muka shigo bai ɗaga ido ya kalle ta sosai ba. Na ɗauka zai nemi wata hanya ta lallashi. Sai ya dafa gwiwa ya miƙe tsaye.

"Malama, usta ta riga ta yi magana. Ni yau ɗan rakiya ne. Da ta kunna miki, da ni zan karɓe akwatin daga hannunta."

Na sunkuyar da kai don kar su ga idona.

Malama Sevim ta fita. Muka ji ta buɗe durowa a ɗaki. Ta dawo da farar ambulan ta ajiye a kan tebur, ta zauna, a karo na farko na ga kafaɗunta sun sauka.

"Dubu arba'in da takwas ne a nan. Shekara biyu ina tarawa. Gobe na yi niyyar zuwa wajen maƙerin zinare in saya miki awarwaro, Dilek. Ni da aka zo neman aurena, surukata hannu rabbana ta zo, ba zobe ba komai, kuma har ta mutu mutane ba su bar yi mini gori ba. Na rantse matar ɗana ba za ta ji wannan ba. Shi ya sa na ce wata biyu. Ba rowa ba ce."

Jama'a, kwana huɗu matar nan tana kwana da kwat, tana wanka da ruwan buta, ga kuɗi a durowa, saboda ni. Ni da ba ta ma san ainihin ko wace ce ni ba. Na durƙusa a gabanta da kayan aikina da komai.

"Malama, ni ko an ba ni awarwaro ba zan iya sa shi ba. Maƙalewa yake a bututu. Kin ga tabon nan? Agogo ne ya ja mini."

Ta kama hannun ta juya shi, ta duba tafin, ta duba faratan da Gwaggo ta yi sati tana ɓoyewa. Ta daɗe tana dubawa.

"Shi ya sa kika riƙe kofi kamar mai ɓoye ƙwai," in ji ta. Sai ga ɗan murmushi a gefen bakinta.

Baba ya yi gyaran murya. "Malama, kuɗin hannu dai a bar shi. Tsakaninmu..."

"A'a." Ta ɗaga yatsa ɗaya, Baba ya yi tsit kamar ɗan aji uku. "Shekara talatin da ɗaya ina aiki, ban taɓa yarda an ce in yi kyauta don ni mace ce ko don ana jin kunyata ba. Ita ma ba za ta fara a gidana ba. Dubu uku da rabi, kuma a rubuta mini rasit da sunanta."

Ranar ta kwana gidan maƙwabciyarta, Erdem ya tafi wajen abokinsa. Ya kira ni sau shida, ban ɗauka ba. Ya rubuto: *Mama ta ƙi yi mini magana. Me ya faru?* Na amsa masa da abu ɗaya: *Ka sha iska sosai, ciwon kanka zai tafi.*

Juma'a tun ƙarfe takwas muna can. Ni da direban da ya kawo kayan muka hau da sabon kombi hawa uku, Baba na gaba yana ba da umarni. Malama Sevim ba ta bar kicin ɗin ba ko minti ɗaya. Ita ta riƙe mini tocila. Kowane abu sai ta tambaya: wannan fa, me ya sa kike naɗa masa zare? Wannan allurar lamba nawa ya kamata ta nuna? Har littafi ta ɗauko tana rubutawa. Da baƙin ruwa ya fara fita daga ƙarafan ɗakuna ta riƙe baki ta ce, "Shekara sha takwas ina goge bayansu, ashe cikin ne ke da datti." Sifana ta kuɓuce ta yanke ni a yatsa, kafin in ce wayyo ta kawo auduga da filasta ta ɗaure mini da kanta, tana yi mini faɗa kamar ni na sa sifanar.

Da muka sauke tsohon, ta sa tsumma ta share masa ƙura kafin a fita da shi.

Mai duba aiki ya zo bayan la'asar, ya zagaya, ya gwada, ya tambayi Baba wa ya yi haɗin. Kafin Baba ya buɗe baki ta riga shi: "Ga ta nan tsaye a gabanka." Ya sa hannu, aka buɗe gas. Wuta ta tashi shuɗiya shar. Muka zauna muna shan shayi da burek, wani gasasshen fulawa mai cuku a ciki, can sai ƙarfen falo ya fara ƙas-ƙas. Ta tashi ta ɗora tafinta a kai, ta rufe ido, sannan ta cire kwat ɗin ta rataye.

A bakin ƙofa ta ce mini, "Gobe ƙarfe uku."

Gwaggo kuwa da ta ji ba awarwaro, sai da aka ba ta ruwa. "Kin sayar wa surukarki kombi da kuɗin zinarenki! Wa ya taɓa jin wannan? Me zan ce wa matan unguwa?" Baba ya ce, "Ki ce musu ɗakin matar da ɗumi." Duk da haka Asabar tun da safe ta goge gidan har ƙarƙashin kujeru, ta sa mini doguwar riga ruwan zuma mai ɗinkin azurfa a wuya, ta maƙala mini ɗankunnen mahaifiyata. Ta kawo safar hannu ta leshi wai in rufe filastar. Na ce a'a. Ta buɗe baki, ta kalli Baba, ta mayar da safar cikin jaka.

Ƙarfe uku daidai aka danna ƙararrawa. Na buɗe. Malama Sevim ce cikin baƙar kwat mai kyau, furanni a hannu ɗaya, faranti na cakulan a ɗayan. Na leƙa bayanta. Ba kowa.

Ta shigo ta gaisa da Baba, ta sumbaci Gwaggo kunci biyu, amma ta ƙi zama.

"Nuran, zancen ofis ya wuce, na yafe. Tsoro ne ya sa ki, kuma don yarinyar kika yi." Gwaggo ta zama ja har kunne. "Usta Rifat, da izinin Allah na zo neman auren 'yarka, wannan mai filasta a yatsa, ba ta ofis ba. Ban zo da zinare ba, kun san inda ya tafi."

Baba ya ce, "Kin zo da abin da ya fi shi, Malama. Amma ina yaron?"

"Yana ƙasa cikin mota. Na ce ba zai hawo ba." Ta juyo gare ni. "Jiya ya nuna mini saƙon da ya tura miki ranar Alhamis. Wata uku yana kallona ina cewa surukata 'yar ofis, bai gyara mini ba. Ni ba ni ya ji wa kunya ba, 'yata, ke ya ɓoye. Ɗana ne, ina sonsa, yaron kirki ne, amma wannan ba ni zan yafe ba. In kin ce ya hawo, ya hawo. In kin ce sai wani satin, mu sha kofinmu mu huɗu, ya yi ta zama. Na kuma karɓe mabuɗin, ba zai kunna ɗumin motar ba."

Gwaggo na yi mini alama da gira kamar za su fita daga goshinta. Baba ya sa ido a kan kafet, ya bar mini maganar kamar yadda ya saba. Na taka zuwa taga na ɗaga labule. Ga shi can ya fito daga motar, tsaye cikin ƙanƙara da sabuwar kwat ɗin da ba ta da kauri, ba hula, gilashinsa ya yi hazo, kansa a ɗage yana neman tagarmu.

Wayata ta yi motsi a hannuna.

*Na yi laifi, kuma na san wanne. Usta Dilek, in hawo?*

Na daɗe ina kallon kalmar nan ta usta da ya kira ni da ita. A bayana na ji Malama Sevim ta zauna, ta gyara siket, ta ce wa Gwaggo, "Ki bar ta ta yi tunani. Sanyin minti goma bai taɓa kashe malamin makaranta ba."